Rigar da Ba Aiki, Agogon da Ba Ado

Tela ya fi shakkar kaftani marar aiki a kan babbar riga mai aska takwas. Wanda bai san ɗinki ba zai ce maganar a juye take, tunda aska takwas kan ci makonni a hannun mai aiki, kaftani kuwa yini guda ya ishe shi. Amma a tambayi duk telan da ya daɗe a kan keke, a Jibiya yake ko a Katsina ko a Maraɗi. Riga mai aiki tana da wurin ɓuya. In wuya ya ɗan karkace, zare ya rufe. In kafaɗa ta fi 'yar'uwarta tudu, idon mai kallo yana can kan aikin ƙirji. Farar shadda kuwa da aka ce a yanka a ɗinke kawai, ba zare ba kwalliya, ba ta bar wa kuskure inda zai laɓe ba. Wuya, kafaɗa, layin maɓalli, bakin aljihu, kalmasa, su ke nan, kuma duk a fili suke.

Wannan magana ta teloli ita ke faɗo mini duk lokacin da na ga irin agogon hannun da samari ke yayi yanzu. Fuskarsa fara fat ko baƙa wuluk, jikinsa siriri, hannuwansa 'yan sirara. Babu duwatsu masu walƙiya, babu ruwan gwal, babu waɗannan ƙananan da'irori uku da ake cusawa a fuska don agogo ya cika ido. Wani ma ko lamba babu, sai 'yan layuka a gurbin awoyi. A Magama, inda motocin Maraɗi ke tsayawa gaban kwastan da jami'an shige da fice kafin su miƙa Ɗan Isa, za ka gan shi a akwatin gilashin masu talla, kwance tsakanin tabarau da cajar waya. Ranar Lahadi ma da kasuwar Jibiya ke ci, ba ya wuyar samu. Ka ɗauka ka juya, mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan ɗan Jamus ne, duba rubutun ka gani." Ka duba kuwa ka ga wani suna mai kama da na Jamusawa, da ɗigo biyu a saman wani harafi, wani lokaci har da shekarar da wai aka kafa kamfanin.

Hanyar da irin wannan kaya ke bi ba ɓoyayyiya ba ce. Shekara da shekaru abin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya riƙa hawowa Maraɗi, daga can ya biyo ta Jibiya ya wuce Katsina da Kano, kuma a kan wannan fatauci alhazan Maraɗi da dama suka yi suna. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a Maris na 2024. Masu shinkafa da masu yadi sun ji a jikinsu, amma agogo ɗari jakar hannu ɗaya ke ɗauke su. Ta wannan hanya dai shadda ke bi, gangariya da jabu, sau da yawa a mota guda.

Salon nan yana da asali, kuma asalin ya cancanci a san shi, ko don mai saye ya san sunan wa ake ara ana sayar masa. A 1919, Jamus na fitowa daga yaƙin duniya na farko a talauce, wani mai zanen gine-gine, Walter Gropius, ya buɗe makaranta a garin Weimar, aka kira ta Bauhaus. Abin da ake koyarwa a can shi ne kujera da fitila da butar shayi su samo siffarsu daga aikin da za su yi, duk adon da ba ya tsinana komai a ajiye shi, kuma a zana kaya yadda masana'anta za ta iya fitar da su da yawa, mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Ta koma Dessau a 1925, ta koma Balin a 1932, 'yan Nazi suka matsa mata lamba har ta rufe a 1933. Shekara 14 ke nan kacal, amma ɗalibanta da malamanta suka watsu cikin duniya da abin da suka koya.

Cikinsu akwai Max Bill, mutumin Suwizalan, haifaffen 1908, wanda ya fara koyon ƙirar azurfa a Zurich kafin ya shiga Bauhaus a 1927. Bayan yaƙin duniya na biyu yana cikin waɗanda suka kafa wata makarantar zane a Ulm a 1953. Kamfanin Junghans, wanda aka kafa a Schramberg tun 1861, wanda kuma a 1903 babu masana'antar agogo a duniya da ta kai shi girma, da ma'aikata 3,000 da agogo sama da miliyan 3 a shekara, shi ya nemi Max Bill ya zana masa agogo. Na farko da ya fito a 1956 na ɗakin girki ne, na rataye a bango, da wani ƙaramin ma'aunin mintoci a ƙasansa don uwargida ta san lokacin sauke tukunya. Ina son wannan ɓangare na labarin ƙwarai, domin yana nuna inda tunanin ya faro: mace ce hannunta cikin aiki, za ta ɗaga kai sau ɗaya, tana bukatar ta gane lokaci kafin ta mayar da ido kan wuta. Daga wannan fuska aka ciro ta agogon hannu a 1961, kuma har yau kamfanin yana yin sa kusan yadda yake.

Duk wanda ya taɓa riƙe shi zai gane abin da tela ke nufi. Layin awa dogo ne, na minti gajere, kuma hannun minti ya miƙe har sai da ya taɓa layukan mintin, ta yadda ba ka kintace tsakanin da minti 12 da da minti 13. Bakin ƙarfen da ya kewaye gilashin an rage shi har ya kusa ɓacewa, saboda haka ƙaramin agogo ke da faffaɗar fuska. A gurbin ƙarfe 3 da 6 da 9 akwai ɗigo ɗai-ɗai mai haske a duhu, a 12 kuma biyu, don mai farkawa da asuba ya san ina ne sama. Babu abu ɗaya a fuskar da za ka cire ba ka rasa wani amfani ba. Shi ya sa kuma in layi ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, ido zai kama shi.

Ɗaya gidan na wannan gado wani ɗan gari ne cikin duwatsu, Glashütte, kimanin kilomita 30 daga Dresden. Garin masu haƙar azurfa ne da arzikinsu ya ƙare. A 1845 Ferdinand Adolph Lange ya karɓi bashi daga gwamnatin Saxony, ya ɗauki yara 15 ya fara koya musu ƙera agogo, kuma daga waɗannan yara sana'ar ta kama garin. A 1878 aka buɗe makarantar koyon aikin agogo a can. Ranar 8 ga Mayun 1945, ranar ƙarshe ta yaƙi a Turai, bam ya faɗa wa masana'antar Lange. Sojojin Rasha suka kwashe injina. Aka ƙwace kamfanonin, sannan gwamnatin Jamus ta Gabas ta haɗe su wuri guda a 1951. Sai bayan faɗuwar katangar Balin sunayen suka dawo. Walter Lange, tattaɓa-kunnen mai kafawa, ya sake yi wa kamfanin gidansu rajista ranar 7 ga Disamban 1990. A wannan shekara kuma wani baƙo a garin, Roland Schwertner, ya kafa Nomos, wanda agogonsa mai suna Tangente, da ya fito a 1992, yana cikin waɗanda yau aka fi kwaikwaya in ana maganar farar fuska irin ta Jamus.

To, a nan ne maganar take da ɗan nauyi, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa duk agogon da ya yi kama da waɗannan ɓarawo ne. Makarantar Bauhaus ba ta taɓa fitar da agogon hannu ba. Fuskar Tangente ɗin nan da ake ji da ita, an samo ta ne daga fuskokin shekarun 1930, waɗanda wani kamfanin yin fuskar agogo a Pforzheim, Weber & Baral, yake bugawa yana sayar wa duk mai so; Lange ya yi amfani da irinta, Stowa ma ya yi a 1937. Max Bill ba Bajamushe ba ne, kuma injin da ke cikin agogon da ke ɗauke da sunansa, mai wani ko mai juya kansa, tushensa na Suwizalan ne. Nomos ma da injin Suwizalan ya fara, sai a 2005 ya koma yin nasa. Ashe yankan kaftani ba na kowa ba ne. Telan Maraɗi yana yanka wuya yadda telan Katsina ke yankawa, shi kuma ya gani ne a wurin maigidansa, kuma ba a taɓa jin an kai wani gaban alƙali don ya ɗinka hannun riga irin na wane ba.

Jamusawa ma sun taɓa zama masu kwaikwayo. Wannan rubutu na “Made in Germany” da mai talla ke nuna maka da alfahari, Ingila ce ta tilasta shi da wata doka a 1887, don ta gargaɗi mutanenta su gane kayan Jamus masu araha, musamman wuƙaƙen da ake bugawa da tambari irin na garin Sheffield. Da alamar a guje ce. Aiki ne ya wanke ta cikin 'yan shekaru har ta zama abin nema.

In yanka ba na kowa ba ne, me ya rage da za a kira na gaske? Yadin da ɗinkin, da kuma gaskiyar abin da aka rubuta a bakin yadi. Kowa a nan ya san gezna. Sunan kamfanin Getzner ne, wanda ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya tun 1818, kuma sunansa yana nan a buge a gefen yadinsa. Masu jabu ma sun iya buga sunan, har da ruwan zinariya. Shi ya sa tsohon mai sayen shadda ba ya tsayawa a tambari. Zai murza gefen tsakanin yatsu ya ga ko ƙyallin na zaren ne ko shafe ne aka yi masa, ya ɗaga wa rana ya dubi cikar saƙar, ya sansana. Duk da haka alƙali na ƙarshe shi ne wanki. Ranar Sallah gangariya da jabu tare suke ƙyalli a filin idi, ba mai rarrabe su daga nesa. Bayan wanki biyu ɗaya tana nan da nauyinta, in an kai ta wurin mabuga ma ta ƙara kyau, ɗayar kuwa ta saki ta koma laushi. Kama da wane ba ta wane.

Mutanen Glashütte sun san sunan garinsu shi ne bakin yadinsu, don haka suka kafa masa sharaɗi: ba a rubuta sunan garin a fuskar agogo sai aƙalla rabin darajar aikin injin a garin aka yi shi. Da al'ada ce da hukuncin kotu, har kamfanoni biyu na garin suka taɓa gurfana gaban shari'a a kanta, sannan a 2022 gwamnatin Jamus ta mayar da ita doka. Suwizalan ma tun 2017 ta ɗaga nata sharaɗin zuwa kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera agogon. Masu wayo kuwa sun samo mafita. Ba za su rubuta an ƙera a Jamus ba, sai su rubuta an zana a Jamus, ko salon Jamus, da ƙananan haruffa a ƙarƙashin ƙarfe 6, sun san mai saye kalmar Jamus kawai zai gani. Wasu ko wannan kunyar ba su da ita, sunan kamfanin wani suke ɗauka ɗungurungum.

Wankin agogo shi ne ranar da ya tsaya aka kai shi wurin mai gyara. Na tsaya na kalli wannan aiki a teburin wani dattijo. Ya maƙala madubinsa a ido, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin baya. Akwatin agogon faɗinsa ya kusa yatsa biyu, amma injin da ke ciki bai fi farcen babban yatsa ba, an zaunar da shi cikin wani farin zobe na roba don kada ya yi ta kai-kawo. Gefen batir ya fara tsatsa, domin babu robar da ke tare gumi a bakin murfin. Ya juya fuskar, ya nuna wa mai agogon da tsinken hannunsa: hannun sakan ba ya sauka a kan layi, kullum tsakanin layi biyu yake faɗawa, kuma ruwan azurfar jikin ya fara goguwa a inda yake gugar fata, jan ƙarfen ƙasa ya leƙo. Yaron ya ce, "Baba, amma an ce mini ɗan Jamus ne." Dattijon ya ce, "Ɗana, batir zan sa maka, zai tashi. Amma kada ka bari ruwa ya taɓa shi." Bai ƙara komai ba, ya mayar da murfin. Abin da ya tsaya mini a rai fuskar yaron ce, domin ba kuɗin ne kaɗai ya dame shi ba. Ya ɗaura abin nan wata da watanni yana gaya wa abokansa maganar da ba haka take ba, da zuciya ɗaya.

Ba ni da faɗa da agogon Sin, ba ni da faɗa da injin batir. Tun da Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai injin batir irin na quartz a Disamban 1969, an san cewa irin wannan inji ya fi mai wani riƙe lokaci: shi kuskurensa 'yan daƙiƙu ne a wata, mai wani kuwa 'yan daƙiƙu a rana, komai tsadarsa. Injin Miyota na Japan, wanda ke cikin miliyoyin agogo masu sauƙin kuɗi, yana shekaru bai ba da matsala ba. A Tianjin ta ƙasar Sin ana ƙera agogo tun 1955, kuma masana'antar da ta gaji wannan aiki tana sayar da nata da sunanta, Sea-Gull, ba ta ari na kowa ba. Baƙin Casio ɗin nan na roba, F-91W, da ya fito a 1989, wanda ke hannun ɗan acaɓa da malamin makaranta da mai gadi, a ganina ya fi jabun ɗan Jamus kusa da abin da Gropius ya so: yana aikinsa, talaka na iya saye, kuma bai ce shi wani ne ba. Laifin yana wurin ƙaryar da aka buga a fuska, kuma sunanta a kasuwa algus, ko a mudu aka yi ta ko a agogo.

Masu yadi na kirki sun riga sun nuna yadda ake yi. Ka shiga rumfa, ya shimfiɗa maka kala uku ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan gezna ce, ga kuɗinta. Wannan mai bi mata ce. Wannan kuwa 'yar Sin ce, tana da kyau, amma ba zan ce maka za ta kai baɗi ba." Ka zaɓi daidai aljihunka ka fita ba ƙullin kowa a ranka, kuma gobe wurinsa za ka dawo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai agogo ma ba abin da zai rasa in ya faɗi haka, domin Tangente na gaske kuɗinsa ya haura Yuro 1,000 nesa ba kusa ba, wato sama da naira miliyan guda, kuma ba wanda ke tsammanin samun sa a akwatin talla a bakin iyaka. Saurayin da ke son farar fuska don ta dace da farar rigarsa ta Juma'a zai saya ko an ce masa ɗan Sin ne, in dai farashin na ɗan Sin ne.

Wanda kuma Allah ya hore wa ya sayo na gasken daga Turai ko Dubai, akwai abin da ya kamata ya sani, domin ba don ƙasarmu aka zana shi ba. Yawancin irin waɗannan sirara fantsamar ruwa kawai suke jurewa, mu kuwa sau biyar a rana muke wanke hannu har gwiwar hannu, saboda haka cire shi kafin alwala wajibi ne. Maɗaurinsa na fata ne, na Nomos ma fatar doki ce da ake jemewa a Chicago, kuma gumin watan Afrilu a Jibiya, lokacin da zafi ke haura 40, ba ya barin fata ta daɗe. Ƙurar hunturu tana neman kowace kafa. Inji mai wani kuma yana bukatar a kwance shi duk bayan 'yan shekaru, a wanke, a sa masa sabon mai, in ba haka ba ya ci kansa.

Wa zai yi wannan aiki? Dattawan da suka koyi sana'ar a kan Seiko 5 da Orient da Rado, irin waɗanda alhazai ke dawowa da su tsaraba daga Makka, sun iya kwance inji mai wani ɗaya bayan ɗaya su mayar, kuma irin wannan hannu ne agogon Glashütte ke bukata. Suna ta raguwa, kuma da wuya ka ga yaro zaune kusa da su, domin yara sun koma gyaran waya, su ma dattawan yawancin cinikinsu ya zama canza batir da rage maɗauri. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma ranar da jirgi ya fara tsayawa a nan kaya za su ƙaru, agogo na kirki da na banza duka. Zan so cibiyoyin koyon sana'a na jihar Katsina su nemo waɗannan dattawa tun suna da sauran ido, a zaunar da yara goma-goma a gabansu. Jarin ba shi da yawa: tebur mai aljihu, madubin ido, hantsaki, 'yan ƙananan sukundireba, mai, da tsofaffin agogon da za a lalata kafin hannu ya faɗa.